Lambun Azhar: Jujin Da Ya Zama Wurin Wasan Yara A Birnin Alƙahira

Duk wadda ta taɓa zaman jinya a ƙasar Masar, ko ta bi maigida karatu, ko ta je sarin kaya da yara a hannu, ta san irin ƙuncin da ake shiga a birnin Alƙahira. Gidajen hayarsu benaye ne, sai ki ga an sauke ku a hawa na biyar ko na takwas, babu tsakar gida, babu soro, babu ƙofar gidan da yaro zai fita ya yi 'yar tsere da sa'o'insa. Titi kuwa motoci sun mamaye shi dare da rana. Yaron da ya saba da dandali a Fagge ko Tudun Wada sai ya wayi gari a kulle, abokan hirarsa talabijin da wayar mahaifiyarsa. Ba a kwana uku zai fara ƙiriniya da kuka babu dalili, ke kuma ga zullumin maras lafiya ga hayaniyar yara, daga nan sai tsawa da duka su shigo.

Yaron nan ba iskanci ne ya same shi ba, jikinsa ne ke neman motsi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla awa guda a kowace rana yana guje-guje da tsalle-tsalle har ya yi gumi, su kuwa 'yan shekara 1 zuwa 4 awa uku suke buƙata na motsi iri-iri a cikin yini. To ina za a samu wannan a falon bene? Shi ya sa a wannan wata muka ga ya dace mu leƙa wani wuri da ke tsakiyar tsohon birnin Alƙahira, wanda da yawa daga cikin mutanenmu suke wucewa ta gabansa a mota ba tare da sun san abin da ke ciki ba. Sunansa Hadiƙatul Azhar, wato Lambun Azhar.

Shekara 500 ana zuba shara

Kafin mu shiga ciki, bari ki ji asalin wurin, domin shi kansa labari ne da za ki ba yara a hanya. Wannan fili da ake kira Darrasa juji ne. Sama da shekara 500 mutanen birnin suna fitar da shara da ɓaraguzan gini suna zubawa a bayan ganuwa, har abin ya taru ya zama tuddai. Idan iska ta taso, ƙurar wurin a kan unguwar Darbul Ahmar take sauka, unguwar talakawa ce da ke manne da jujin ta yamma.

A shekarar 1984 aka yi wani taro a Alƙahira a kan yadda birnin ke cika yana batsewa. Aga Khan na huɗu, shugaban mabiya Isma'iliyya, wanda ya rasu a watan Fabrairu na 2025, yana cikin mahalarta, kuma a nan ya yi alkawarin zai gina wa birnin lambu kyauta. Yana da dalilinsa, domin Faɗimiyyawan da suka kafa Alƙahira a shekarar 969, suka kuma gina masallacin Azhar, su ne yake dangantawa a matsayin kakanninsa. A wancan lokaci an ƙiyasta cewa da za a raba ɗan koren filin da ke birnin ga mazaunansa, kowa abin da zai samu bai wuce inda zai ɗora sawun ƙafarsa ba.

Alkawari ya yi sauƙi, cikawa ce ta ɗauki shekara 20. Da farko sai da aka jira hukuma ta gama gina wasu manyan tankunan ruwan sha guda uku a cikin filin, kowanne faɗinsa ya kai mita 80. Bayan nan aka shiga kwasar shara, wadda ta ci lodin tifa kusan 80,000. Ƙasar da ta rage gishiri ya yi mata yawa, ba ta fitar da tsiro, don haka sai da aka yi ta gwajin itatuwa da furanni a wuraren reno don a gane waɗanda za su jure, sannan aka kawo ƙasa mai kyau aka shimfiɗa. An dasa tsirrai fiye da 650,000. Aikin ya ci dala miliyan 30, aka buɗe shi a hukumance a watan Maris na 2005. Girmansa hekta 30 ne, wato kamar a haɗa filin ƙwallo 40. Tankunan nan uku suna nan a ƙarƙashin ƙasa, mutane na yawo a kansu ba su sani ba. Ki gaya wa yaro cewa yana tsaye a kan ruwan da mutanen gari suke sha, ki ga yadda zai zaro ido.

Ruwa, ciyawa da gangare

Babbar ƙofar shiga tana kan titin Salah Salim, kuma ana biyan kuɗin shiga. Da kin sa ƙafa abin da zai fara ɗauke hankalin yara shi ne ruwan da ke tsartuwa daga ƙasa a dandalin da ke bakin ƙofa. Yaran Misirawa ba sa jiran izini, cikinsa suke faɗawa da kayansu. Naki ma haka za su so yi, saboda haka tun daga gida ki saka musu kayan canji da ɗan tawul a jaka, ya fi miki sauƙi a kan ki tsaya kina jan kunne a gaban mutane. In lokacin sanyi ne kuwa, to a nan dole ki tsare, domin sanyin Alƙahira na Disamba da Janairu ba ya wasa da ƙirjin yaro.

Daga nan za ki hau wata doguwar hanya mai shimfiɗar dutse, dogayen itatuwa dangin dabino sun yi sahu hagu da dama, ruwa na gudana a 'yan siraran magudanai. An tsara lambun ne bisa salon lambunan Musulmi na da, irin na Andalus da Farisa, inda ruwa mai gudu da inuwa da itatuwan marmari suke zama ginshiƙi. Wannan hanya an saita ta daidai da Ƙal'a, fadar da Salahuddin Ayyubi ya fara ginawa a 1176, ta yadda duk mai tafiya a kanta yana hangen ƙubbobin masallacin Muhammad Ali da siraran hasumiyoyinsa a gabansa. Manya a nan suke tsayawa ɗaukar hoto, har da amare da angwaye. Yara kuwa magudanan ruwan ne damuwarsu. Za su jefa ganye su bi shi da gudu su ga inda zai tsaya, su dawo su sake. Kada ki hana. Wasan da bai ci ko sisi ba ne, kuma zai iya cinye musu rabin awa.

Can gefen arewa akwai filin wasan yara da aka keɓe, mai lilo da sulu da abubuwan hawa. Yana da kyau, kuma a nan ne ƙananan za su fi sakewa, ke ma ki samu wurin zama kina kallonsu. Sai dai in gaskiya za a faɗa, irin waɗannan kayan wasa akwai su a manyan kantunan zamani na Alƙahira, har ma da waɗanda suka fi su, akwai su a Abuja da Kano. Abin da ba za ki samu a kanti ba shi ne ciyawa mai faɗi da gangare. Kasancewar wurin tudun shara ne a da, sai lambun ya fito da hawa da sauka, an lulluɓe su da koriyar ciyawa. Yaro zai hau da gudu ya gangaro yana birgima, ya tashi ya koma, har sai ya gaji don kansa. Mai rarrafe ma a shimfiɗa masa zane a inuwa, ya rarrafa ya wuce zanen ya taɓa ciyawa da hannunsa. A ganina iyayen da suka shiga lambun nan suka zarce wurin lilo, suka zauna a can har lokacin tafiya, sun biya kuɗin shiga ne kawai ba su ga lambun ba.

A gefen kudu kuma akwai tafki da aka haƙa, da wurin shan shayi da cin abinci a bakinsa. Ruwan tafkin daga Kogin Nilu ake jawo shi, kuma da shi ake ban-ruwan shuke-shuken lambun. Wuri ne mai sanyin iska, amma nan ne wurin da ya kamata idonki ya fi buɗewa. Ba wurin wanka ba ne, kuma yaro ɗan shekara biyu ba ya buƙatar ruwa mai zurfi kafin ya nutse. In kuna da yawa, a fayyace wadda ke riƙe da wane yaro. Sau da yawa a taron 'yan'uwa ne yaro ke ɓacewa, domin kowa na zaton yana hannun wani.

Ganuwar da shara ta binne

Ga yaran da suka fara tasawa, musamman 'yan Islamiyya da suka ji sunan Salahuddin a darasin tarihi, akwai abin da ya fi lilo. Lokacin da ake kwasar shara ta gefen yamma, sai ma'aikata suka riƙa cin karo da dutse sassaƙaƙƙe. Da aka ci gaba da tono, sai ga ganuwar birnin ta zamanin Ayyubawa ta bayyana, tsawonta kusan kilomita ɗaya da rabi, da hasumiyoyin tsaro da ƙofofi da 'yan tagogin da maharba ke harba kibiya. A wasu wuraren shara ta binne ta da zurfin mita 15. Abin mamaki, sharar da ta ɓoye ta ita ce ta kare ta daga masu ɗibar dutse su yi gini. Daga cikin ƙofofinta akwai Babul Barƙiyya da Babul Mahruƙ.

An gyara ganuwar, kuma samarin Darbul Ahmar aka koya wa sassaƙar dutse da aikin katako suka yi aikin da hannunsu. Gyaran bai tsaya a nan ba, ya shiga cikin unguwar, aka farfaɗo da tsofaffin masallatai irin su na Ummu Sulɗan Sha'aban da na Aƙsunƙur wanda ake kira Shuɗin Masallaci, aka gyara gidaje, aka ba masu ƙananan sana'o'i rance.

Ki tsaya da yaro a gaban ganuwar nan ki bar shi ya yi tambaya. Me ya sa tagar ta yi faɗi ta ciki ta tsuke ta waje? Domin maharbi ya samu damar juya bakansa, shi kuma na waje ya rasa inda zai saita. Wannan amsa guda ɗaya za ta zauna masa fiye da shafi goma na littafi.

A nan dai dole zuciyar Bakano ta ɗan sosu. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu ne ya fara gina ganuwar birnin, kuma ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, ke nan an fara tamu kafin a fara ta Salahuddin. Gaskiya ne tasu ta dutse ce tamu ta ƙasa, dole tamu ta fi saurin zaizayewa. Amma ba ruwan sama kaɗai ya ci badala ba, hannun mutane ya fi yi mata illa, wasu sun ɗebi ƙasa, wasu sun yanka filaye, wasu sun mayar da gindinta bola. Kududdufan da ke gefenta an cike su an yi shaguna. Da an bar ko da zirin fili ne a jikin badala an dasa darbejiya an zuba ciyawa, da yaran cikin birni ba su rasa inda za su yi wasa ba sai bakin kwata.

Hawan tudu kafin magariba

Idan rana ta yi sanyi, ku tattara ku hau tudun da ke kallon yamma. Daga nan tsohon birnin gaba ɗaya yake shimfiɗe a ƙasanku. Ana yi wa Alƙahira kirari da birni mai hasumiya dubu, kuma a wannan tudu ne za ki gane dalili. Ki sa yara gasar ƙirga hasumiyoyi, ba za su gama ba. Ki nuna musu wajen masallacin Azhar, wanda aka kammala a shekarar 972, ki gaya musu cewa tun ɗaruruwan shekaru ɗalibai daga ƙasarmu suke zuwa nan neman ilmi, har aka taɓa keɓe wa mutanen Barno wani ɓangare a cikin masallacin. Ki nuna musu masallacin Sulɗan Hasan da ke ƙasan Ƙal'a. Ki gaya musu cewa ta wannan birni Mansa Musa na Mali ya bi a 1324 a kan hanyarsa ta aikin hajji, ya yi ta rabon zinariya har darajarta ta faɗi a kasuwa.

Da rana ta faɗi sai kiran salla ya tashi, wannan masallaci ya ɗauka, wancan ya karɓa, har sautin ya cika sararin sama ta kowace kusurwa. Yaran da suka yini suna ihu sukan yi tsit a wannan lokaci ba tare da an ce su yi shiru ba. Ki taho da dadduma a jaka, kuma ki lura da lokacin la'asar tun kafin wasa ya ɗauke hankali.

Shirin fita

Zaɓen rana shi ne rabin jin daɗin fitar. Hutun ƙarshen mako a Masar Juma'a ne da Asabar, don haka ranar Juma'a da yamma lambun cika yake yi. Ranakun Salla ƙarama da babba abin ya fi haka, sai kuma ranar Shammun Nasim, bikin shigowar bazararsu, wanda ke faɗowa ranar Litinin a watan Afrilu ko farkon Mayu, ranar da kusan kowane gida ke fita lambu. Mai ƙananan yara, kuma baƙuwa a gari, gara ta zaɓi tsakiyar mako. Daga Yuni zuwa Agusta zafi ne mai tsanani, kada a fita sai bayan la'asar. Tsakanin Maris da Mayu kuma akan yi wata iska mai zafi da ƙura da suke kira Khamasin. Ranar da ta taso, yaro mai asma ko ciwon ido ya zauna a gida.

Wajen hawa mota a kula da suna. Idan kika ce wa direba "Azhar" kawai, masallaci zai kai ki, cikin cunkoson kasuwar Khan Khalili. Ki ce masa Hadiƙatul Azhar, titin Salah Salim. Daga Abbasiyya, inda masaukin ɗaliban ƙasashen waje na jami'ar Azhar yake, tafiyar ba ta da nisa, haka ma daga Madinatu Nasr inda mutanenmu da yawa suke kama haya. Ki tabbata an sauke ku a gefen da ƙofar take. Salah Salim babban titi ne da motoci ke sheƙa gudu, ba wurin da za a tsallaka da goyo a baya da yara biyu a hannu ba ne.

Kafin ku fito, ki rubuta sunan yaro da lambar wayar da ke aiki a Masar a 'yar takarda ki saka masa a aljihu. Yaronki ba ya jin Larabcin Misira, in ya ɓace ba zai iya bayani ba, kuka kawai zai yi. Da kun shiga ki nuna masa masu gadi da irin kayan da suke sawa, ki ce in bai gan ki ba wurinsu zai je, kada ya bi kowa zuwa waje. Mai keken jariri za ta ji daɗin manyan hanyoyin, amma hawan tuddan sai da taimako. Wanda kuma ake jinya, in likita ya yarda ya fita, a nema masa wurin zama kusa da ƙofa, kada a ja shi zagaye.

Akwai wata magana da ba a cika faɗa ba, amma gara uwa ta sani tun da wuri. Misirawa mutane ne masu son yara, za ki ga mata suna yi wa jaririnki wasa, 'yan makaranta suna roƙon a ɗauki hoto tare. Mafi yawa da zuciya ɗaya suke yi. Sai dai ba a rasa marasa tarbiyya, musamman cikin samari da yara, da za su yi dariya ko su jefi baƙar fata da kalmar tsokana. 'Yan Afirka mazauna Alƙahira sun daɗe suna kokawa da wannan. In ya faru kada ki tsaya cacar baki, ki ja yaranki ku canja wuri, in abin ya yi yawa ki sanar da masu gadi. Amma in kun koma gida kada ki share maganar kamar ba a yi ba. Yaro ya ji, kuma ya fahimta ko da bai san kalmar ba. Ki zaunar da shi ki gaya masa cewa wanda ya yi tsokanar shi ne ya yi abin kunya. Hoto kuma ba dole ba ne, in ba ki so a ɗauki 'ya'yanki, kalmar "la, shukran" ta wadatar.

Batun ciki kuwa, gidajen abincin da ke cikin lambun suna da tsabta da wurin zama mai kyau, amma sun fi na cikin gari tsada nesa ba kusa ba. Mai iyali da yawa ta ciyar da yara kafin a fito, a bar abin da za a saya a ciki ya zama ɗan abin sha da na taɓawa. In an fito da yunwa, ga koshari, abincin talakan Masar, shinkafa da taliya da adas da soyayyar albasa da miyar tumatir, yana da arha kuma yara ba sa ƙin sa, sai dai a ce kada a zuba musu yaji. Ga ɗa'amiyya, wadda ƙanwar ƙosai ce. Abin sha kuma kusan duk na gida ne da wani suna: karkade shi ne zoɓo, tamar hindi tsamiya ce, dom kuwa goruba ce aka jiƙa. A sayi na shago mai tsabta, a guji ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba, ruwan sha kuma na gora.

Lokacin fita kada ku jira sai kowa ya tashi. Bayan isha'i bakin ƙofa cunkushewa yake yi, mota ta yi wuya, direbobi su tsawwala kuɗi. Ki kira mota tun kuna ciki, ki canja wa yara jiƙaƙƙun kaya kafin iskar dare ta buge su, sannan ki ƙirga su a bakin ƙofa kafin kowa ya shiga mota.